Ɗana yana so ya zama mawaƙin opera irin Pavarotti, in bar shi ko in hana shi?

"Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar kasuwa ce a unguwar Nima da ke Accra, atamfa nake sayarwa. Ɗana na uku yana da shekara 17, yana ajin ƙarshe a sakandare, kuma yana cikin ƙungiyar mawaƙan makarantarsu. Tun bara ya maƙale wa wani Bature mai ƙiba da gemu da farin hankici, wai shi Pavarotti. Dare da rana yana kallonsa a waya, yana kwaikwayon wata waƙarsa guda ɗaya har maƙwabta sun fara magana, wani lokaci kuma sai ya wayi gari murya a dishe. Ya ce shi teno ne, kuma wannan waƙa yake so ta zama sana'arsa a ƙasashen waje. Wane ne wannan mutum, yaya aka yi ya kai inda ya kai, kuma yaron Zango zai iya bin wannan hanya, ko in hana shi tun da wuri?"

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana shi, ya yi masa albarka. Kin tambayi tarihin mutumin, kin tambayi hanyar da ya bi, kin kuma tambayi ko ɗanki zai iya binta. Zan amsa duka, amma bari in faɗa miki tun yanzu cewa a cikin wasiƙarki babu abin da ya tsaya mini a rai kamar maganar dishewar murya da safe, domin na shafe fiye da shekara 20 ina koyar da waƙa da sarrafa murya a makarantun Accra, kuma na san abin da ke jawo ta. Yaron ya kama rayuwar Pavarotti ne daga ƙarshenta, wato daga waƙar da duniya ta san shi da ita bayan ya yi kusan shekara 30 a kan dandamali, alhali abin da zai amfane shi yana can farkon labarin.

Abin da ake nufi da opera da teno

Opera wasan kwaikwayo ne wanda ake rera maganganunsa maimakon a faɗe su, tare da babbar ƙungiyar makaɗa da ke zaune a wani rami gaban dandamali. A Italiya aka fara shi wajen shekarar 1600, aka buɗe gidan farko da kowa zai biya kuɗi ya shiga a birnin Venice a 1637, shi ya sa har yau yawancin kalmomin sana'ar na Italiyanci ne. Muryoyin maza kashi uku ake yi musu: bes ita ce ta ƙasa mai kauri, bariton ta tsakiya, teno kuma ta sama. A mafi yawan wasannin, teno ne ke fitowa a matsayin saurayi mai neman aure ko jarumin da za a kashe a ƙarshe, don haka shi ne ake jira, shi ne kuma ake fara yi wa ihu idan ya kuskure.

Abin da ya bambanta wannan waƙa da wadda yaranmu suka saba ji a rediyo shi ne ba a amfani da makirufo. Gidan opera na Metropolitan da ke New York yana ɗaukar mutum kimanin 3,800, makaɗa kuma sukan kai 60 ko 80, kuma dole mutumin da ke kujerar ƙarshe ya ji kowace kalma daga bakin mawaƙi guda. Wanda ya girma a Zango ya san irin wannan baiwa, domin dattawanmu suna ba da labarin ladanan da kafin zuwan lasifika, waɗanda ake jin kiran asubarsu daga unguwa zuwa unguwa ba tare da sun yi kururuwa ba. Sirrin duka ɗaya ne. A cikin maƙogwaro akwai tantani biyu da tsawonsu bai wuce kimanin santimita 2 ba, iskar huhu ce ke kaɗa su, amma sautin da suke fitarwa ƙarami ne. Sararin maƙogwaro da baki ne ke ƙara masa amo. Mawaƙin da ya ƙware yakan daidaita wannan sarari har muryarsa ta sami wani ƙarfe-ƙarfe mai kaifi, wanda ke ratsa kiɗa kamar yadda algaita ke ratsa taron ganguna. Wanda bai ƙware ba sai ya nemi wannan amo da ƙarfin tsiya, ya matse wuya, jijiyoyi su tashi, tantanin su yi ta bugun juna har su kumbura. Kumburin nan shi ne dishewar da kike ji da safe.

Akwai wani sauti da ake kira C ta sama, wanda tantanin ke kaɗawa kusan sau 523 a sakan guda kafin ya fito, kuma shi ne aka mayar ma'aunin teno. A da da siririyar murya ake kai masa, sai wani Bafaranshe mai suna Gilbert Duprez ya zo ya rera shi da cikakken ƙirji a Paris a 1837, a wasan Guillaume Tell, jama'a suka haukace. An ruwaito cewa Rossini, wanda ya tsara kiɗan wasan, ya kamanta abin da kukan zakaran da ake yankawa. Duk da haka masu kallo sun so shi, kuma tun daga lokacin kowane teno yake ɗauke da wannan nauyi.

Ɗan mai gashin burodi daga Modena

An haifi Luciano Pavarotti ranar 12 ga Oktoba, 1935, a garin Modena da ke arewacin Italiya. Mahaifinsa Fernando mai gashin burodi ne, yana da kyakkyawar muryar teno amma tsoron taro ya hana shi mayar da ita sana'a, mahaifiyarsa Adele kuma a masana'antar taba take aiki. Gidan talakawa ne, kuma ƙuruciyarsa ta faɗo cikin yaƙin duniya na biyu. Da farko ƙwallon ƙafa ya so, mai tsaron gida, sai ya yi karatun koyarwa ya shiga aji yana koyar da yaran firamare, daga baya ya koma yawon sayar da inshora. Ki lura da wannan, Hajiya, domin shi ne abin da bidiyon waya ba ya nunawa: mutumin yana da abin yi a hannunsa duk tsawon shekarun da yake koyo.

Sai a 1954, yana da shekara 19, ya fara karatun murya sosai a wajen wani malami mai suna Arrigo Pola, wanda ya karɓe shi ba tare da biya ba saboda ya ga halin gidansu. A 1955 ƙungiyar mawaƙan garinsu, wadda shi da mahaifinsa suke ciki, ta ci gasar duniya a garin Llangollen na yankin Wales, kuma shi da kansa ya sha faɗin cewa wannan nasara ce ta sa ya yanke shawarar zama mawaƙi. Da Pola ya tafi Japan, sai ya koma hannun Ettore Campogalliani a Mantua. Watanni da yawa na farko a kan wasula da hawa da saukar sauti suka ƙare, abin da ɗalibaina suka fi ƙi a duniya. A cikin waɗannan shekaru har wani ƙullutu ya fito masa a tantanin murya, ya yi wani wasa a Ferrara da ya lalace, ya ce ya bar waƙa. Hutun da ya yi ne ya warkar da shi.

Ranar 29 ga Afrilu, 1961, bayan shekara bakwai na karatu, ya fara fitowa a cikakken wasa, a garin Reggio Emilia, inda ya fito a matsayin Rodolfo a wasan La bohème na mai tsara kiɗa Puccini. Yana da shekara 25. Daga nan ƙananan gidaje ya yi ta bi, a Italiya da wasu ƙasashen Turai, har 1963 lokacin da babban teno Giuseppe Di Stefano ya kasa fitowa a gidan opera na Covent Garden da ke Landan aka kira shi ya maye gurbi. Haka ƙofar wannan sana'a take buɗewa sau da yawa: wani ya yi rashin lafiya, a buga waya, a tarar da kai a shirye ko a tarar ba ka shirya ba.

Abin da ya fi gyara shi, a ganina, shi ne haɗuwarsa da Joan Sutherland, mawaƙiyar Ostireliya, da mijinta Richard Bonynge mai jagorancin makaɗa. Doguwar mace ce, tana neman teno wanda ba za ta shanye shi a tsaye ba, Pavarotti kuma dogo ne. A 1965 suka fito tare a Miami, wanda shi ne karonsa na farko a Amurka, suka kuma zagaya Ostireliya na tsawon makonni. Ya sha faɗa cewa a wajenta ya gane yadda ake riƙe numfashi, yana kallon yadda haƙarƙarinta da cikinta ke aiki dare bayan dare ba tare da muryarta ta gaji ba. Mutum ne da ya riga ya fara suna, amma bai ji kunyar zama ɗalibin abokiyar aikinsa ba. A shekarar dai ya shiga La Scala na Milan, gidan da aka buɗe tun 1778 kuma wanda masu kallonsa suka fi na ko'ina tsanani, tare da Mirella Freni, 'yar garinsu wadda mahaifiyarta ta yi aiki a masana'anta ɗaya da mahaifiyarsa, a ƙarƙashin jagorancin Herbert von Karajan.

A Metropolitan ya fara a 1968, amma daren da ya mayar da shi tauraro shi ne na 17 ga Fabrairu, 1972, a wasan La fille du régiment na Donizetti, inda akwai waƙa ɗaya mai ɗauke da C ta sama har sau tara. Ya rera su kamar yana wasa, aka yi ta kiransa gaban labule sau 17. Daga nan aka laƙaba masa sarautar wannan sauti, manajansa Herbert Breslin kuma ya fahimci cewa mutumin nan mai fara'a zai sayu a talabijin da manyan filaye, ya fitar da shi daga gidajen opera zuwa wajen talakawa. Farin hankicin da kika gani a hannunsa daga irin waɗannan tarurruka ya samo asali, inda babu kayan wasa kuma mawaƙi bai san yadda zai yi da hannayensa ba.

Shekarar 1990 da abin da ya biyo baya

Masu shekaruna ba za su manta gasar cin kofin duniya ta 1990 a Italiya ba, wadda Kamaru ta doke Ajantina da ci 1 da nema a wasan buɗewa, Roger Milla ya yi ta rawa a kusurwa har suka kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe. Mu a Nima muna cunkushe gaban talabijin ɗaya muna ihu, ba mu san cewa a Ingila gidan BBC ya ɗauki wata waƙar Pavarotti ya sa ta zama taken gasar ba. Sunanta Nessun dorma, daga wasan Turandot na Puccini, kuma ba na shakka ita ce ɗanki yake kwaikwayo, domin kusan duk yaron da ya zo wajena da sunan Pavarotti a bakinsa da ita yake zuwa. Ranar 7 ga Yuli, daren jajibirin wasan ƙarshe, shi da wasu manyan teno biyu, Plácido Domingo da José Carreras, suka yi waƙa tare a wani kangon tarihi a birnin Rum, Zubin Mehta yana jagorancin makaɗa. Carreras bai daɗe da tashi daga sankarar jini ba, taron kuma har da murnar dawowarsa. Faifan wannan dare ya fi kowane faifai na irin wannan kiɗa sayuwa, suka maimaita taron a Los Angeles a 1994, da Paris a 1998, da Yokohama a 2002.

Ga lissafin da nake so ki yi wa yaron. A 1990 Pavarotti yana da shekara 54. Muryar da BBC ta sa an ɗauke ta ne a 1972, yana da shekara 36, a ɗakin ɗaukar sauti inda ake iya tsayawa a huta a sake. Bai yarda ya fito a cikakken wasan Turandot a kan dandamali ba sai 1977 a San Francisco, bayan ya haura shekara 40. An rubuta wannan matsayi ne don murya mai nauyi da za ta yi gogayya da makaɗa masu yawa, shi kuwa muryarsa mai sauƙi ce da haske, don haka ya shafe shekarunsa na farko a wasannin Donizetti da Bellini da sauƙaƙan na Verdi. Abin da mai baiwa irin tasa ya jira shekara 16 a kan dandamali kafin ya fito a cikakken wasansa, shi ne ɗan shekara 17 yake ɗauka a ɗaki ba malami.

Ba na so in nuna miki shi kamar wanda ba shi da aibu. A shekarunsa na baya ƙiba ta yi masa yawa, gwiwoyi suka gaza, ya yi ta soke wasanni, har gidan opera na Chicago ya yanke hulɗa da shi a 1989 bayan ya soke 26 daga cikin 41 da aka shirya da shi. A 1992 muryarsa ta karye a La Scala a wasan Don Carlo, 'yan ƙasarsa suka yi masa ihu. Bai kai Domingo yawan wasanni da harsuna ba, kusan duk aikinsa a Italiyanci ya tsaya, kuma a matsayin ɗan wasan kwaikwayo sau da yawa tsayawa kawai yake yi ya rera. Amma wajen tsabtar wasula da fitar kalma, ban ji wanda ya fi shi ba, kuma don wannan nake sa ɗalibaina su saurari faifansa na shekarun 1960 da 1970. Ya kuma yi amfani da sunansa wajen taimako: tarurrukan da yake shiryawa a Modena daga 1992 suna tara kuɗin agaji, galibi don waɗanda yaƙi ya ɗaiɗaita, na 1998 don yaran Laberiya aka yi shi, a daidai lokacin da 'yan gudun hijirar ƙasar suke cike da sansanin Buduburam a kan hanyarmu ta Winneba. Wasansa na ƙarshe a Metropolitan a Maris 2004 ne. Ya bayyana a bikin buɗe wasannin Olamfik na hunturu a Turin a Fabrairun 2006, daga baya aka bayyana cewa an riga an ɗauki muryar tun kafin ranar saboda sanyi da rashin lafiya. Ciwon daji ya yi ajalinsa a Modena ranar 6 ga Satumba, 2007, yana da shekara 71.

Muryar yaro ɗan shekara 17

Muryar namiji tana buɗewa lokacin balaga, amma ba ta zama daram sai ya shiga shekarunsa na ashirin, manyan muryoyi ma sai sun kusa talatin. Saboda haka cewar da ya yi shi teno ne ba hukunci ba ne tukuna. A ƙungiyoyin makarantunmu teno kullum ƙaranci suke yi, don haka duk yaron da ya iya ɗan hawa sama sai malami ya tura shi can, kuma na ga da yawa waɗanda bariton ne aka sa musu rigar da ba tasu ba. Ba a gane teno da tsayin sautin da mutum zai iya taɓawa sau ɗaya. Ana gane shi da inda muryarsa ta fi sakewa, da launinta, da kuma wurin da take sauya hali idan tana hawa. Wannan wuri Italiyawa suna kiransa passaggio, wato mashiga, kuma a nan ake yin teno ko a lalata shi. Idan mawaƙi ya iso mashigar dole ya ɗan rufe wasalin, ya rage nauyi, ya bar numfashi ya ɗauki aikin, kamar direban tirela da ke sauya giya kafin hawan dutsen Aburi. Yaron da ke koyo daga waya ba ya ganin wannan sauyi, sakamakon kawai yake ji, sai ya danna da giyar da ya taho da ita.

Na taɓa samun ɗalibi daga unguwar Mamobi wanda ban taɓa jin murya mai kyau irin tasa a shekarunsa ba. Wata makaranta, wadda ba zan ambata ba, ta sa shi gaba a kowane biki, yana rera manyan waƙoƙi a fili a kan ƙarar kakaki da ganguna, wani lokaci sau uku a mako, saboda baƙi suna tafi kuma shugabanni suna jin daɗi. Na yi magana ba a saurare ni ba, ni ma kuma na yi sakaci da ban je wajen iyayensa kai tsaye ba. Kafin shekara ta zagayo muryar ta fara fita da iska, saman ya tafi, likita ya ga ƙulli a tantanin biyu. Ya warke bayan dogon hutu, yana waƙa har yau, amma hasken nan bai dawo ba.

Don haka matakin farko ba ya buƙatar ko sidi ɗaya: ya ajiye wannan waƙa gaba ɗaya, ya huta, ya yawaita shan ruwa, musamman lokacin hunturu da ƙura ke busar da maƙogwaro. Ya rage ihu a filin ƙwallo, ya daina kwanciya da cikin da ya cika da yaji da maiƙo, domin abin da ke tasowa daga ciki da dare yana ƙona maƙogwaro. Zuma da citta da kanumfari da iyayenmu ke bayarwa suna sanyaya wuya, ba na hana su, amma ba sa taɓa tantanin murya, kuma ba sa gyara kuskuren rerawa. Idan dishewar ta wuce mako biyu zuwa uku duk da hutu, ki kai shi sashen kunne da hanci da maƙogwaro, akwai shi a asibitin Korle Bu, a duba da na'ura. Wannan aikin likita ne, ni malamin waƙa ne.

Hanyar daga Accra

Ko baƙar fata zai iya, wannan an daɗe da amsa shi. Roland Hayes, wanda mahaifiyarsa ta taso cikin bauta a Amurka, ya yi waƙa gaban Sarkin Ingila George na biyar a 1921. George Shirley ya zama baƙar fata teno na farko da ya riƙe manyan matsayi a Metropolitan daga 1961. A zamaninmu akwai Ba'amurke Lawrence Brownlee, daga Afirka ta Kudu kuma Levy Sekgapane ya ci gasar Operalia a 2017, gasar da Domingo ya kafa a 1993. Sai dai Afirka ta Kudu tana da makarantar opera a Jami'ar Cape Town da kamfanin opera a birnin, inda matashi zai taka dandamali kafin ya fita waje. Mu a Ghana muna da al'adar waƙar ƙungiya mai ƙarfi tun daga zamanin mai tsara waƙoƙi Ephraim Amu, muna da ƙungiyar makaɗa ta ƙasa tun 1959, da babban gidan wasanni na ƙasa tun 1992, da sashen kiɗa a jami'o'in Legon da Winneba da Cape Coast, amma ba mu da gidan opera mai aiki dindindin. Ma'ana za a iya aza harsashi a nan, ginin kuwa sai an fita.

Tsarin da aka saba shi ne digiri na farko a kiɗa, sai karatun murya na gaba a Turai ko Amurka ko Afirka ta Kudu, galibi da tallafin karatu domin kuɗin ya fi ƙarfin yawancinmu, sai shirin horar da matasa da manyan gidaje ke yi na shekara biyu ko uku, irin na Covent Garden da Metropolitan da La Scala, tare da shiga gasa. Da yawa a Jamus suke samun aikin farko, saboda tana da gidajen opera kimanin 80 kuma suna ɗaukar mawaƙi da albashin wata. Duk wannan yakan ci shekara goma. Dole ya iya karanta rubutun kiɗa na layi biyar, domin do-re-mi da muke koyarwa a makarantu ba za ta kai shi ko'ina a can ba, ya ɗan iya fiyano, ya koyi Italiyanci da Jamusanci da Faransanci. A nan yaran Zango suna da fifikon da ba su sani ba. Wasulan Italiyanci a buɗe suke kamar na Hausa, suna da baƙaƙe masu ruɓi kamar yadda muke bambanta daba da dabba, kuma yaron da ya yi makarantar allo ya riga ya san mafitar haruffa, da ja da taƙaitawa, da haddar shafuka masu yawa. Na sha ganin ɗalibina Bahaushe ya riga sauran kama lafazin Italiyanci.

Wahalar rayuwar kuma kada a ɓoye masa. Mawaƙin da ba ya kan albashi ana biyansa ne a kan kowane daren da ya fito, idan mura ta kwantar da shi babu ko kwabo, kuma sau da yawa shi ke biyan masauki na makonnin gwaji, wakilinsa ya cire kasonsa, hukuma ta cire haraji. Watanni yake yi a ɗakunan haya nesa da iyali, sallah da azumi su same shi a garin da bai san kowa ba. Mafi yawan waɗanda suka gama wannan karatu ba sa zama taurari. Suna shiga ƙungiyar mawaƙan gidan opera, ko su koma koyarwa kamar ni, kuma duka biyun sana'a ce ta rufin asiri.

Akwai kuma abin da na san yana ranki ko da ba ki rubuta ba, wato addini da maganar mutane. Hukuncin waƙa na malamai ne, ku je wajen wanda kuka amince da iliminsa, ke da mahaifinsa. Abin da zan iya yi shi ne in faɗa miki yadda aikin yake don tambayar ta tafi daidai: labaran opera yawanci na soyayya da kishi da kisa ne, mawaƙi yana riƙe hannun abokiyar wasansa har ya rungume ta a gaban jama'a, wani ɓangare babba na karatun kuma waƙoƙin coci ne na Turai. A nan gida ma, inda aka fi biyan mai irin wannan murya shi ne coci da jana'iza da bukukuwan kamfanoni. Ina da ɗalibai Musulmi da suka zauna da iyayensu suka shata iyakar abin da za su yi da wanda ba za su yi ba, wasu suka ci gaba, wasu suka juya muryar zuwa bege da ƙira'a, inda horon numfashin ya yi musu amfani ƙwarai.

Shawarata ita ce kada ki hana shi, domin hani a wannan shekaru ɓoyewa kawai yake koya wa yaro, kuma zai ci gaba da ɓata muryar a inda ba kya ji. Ki sa masa sharaɗi. Ya gama jarrabawarsa ta WASSCE da sakamako mai kyau, ya ci gaba da karatu ko sana'ar da za ta riƙe shi kamar yadda Pavarotti ya riƙe alli da takardun inshora, sannan a nema masa malamin murya wanda zai gan shi ido da ido sau ɗaya a mako. Alamar malamin kirki ita ce yaro ya fito daga darasi muryarsa garau, kuma a fara shi da ƙananan tsofaffin waƙoƙin Italiyanci da ake ba kowane mafari. Wanda ya yi muku alkawarin Turai cikin wata shida, ko ya nemi kuɗin biza, ku rabu da shi. A ba abin shekara biyu, sannan a sake zama a duba.

Ban ji muryar ɗanki ba, kuma ko kin aiko mini da ita ta waya ba zan yanke hukunci ba, domin waya tana ƙara wa ƙaramar murya girma ta kuma danne babba. Ni kaina ban taɓa tsayawa a dandamalin Turai ba, abin da na sani na sana'ar can daga karatu ne da kuma ɗalibai da abokan da suka je. Idan ya yi mako uku bai taɓa waccan waƙar ba kuma muryar ta washe, ki turo shi tare da yayansa ko kawunsa wata Asabar da hantsi, ya karya kumallo da wuri, ya zo da waƙa mafi sauƙi da ya iya, ko da ta Hausa ce. Zan zauna a fiyano mu hau sautin ɗaya bayan ɗaya, in ji inda mashigarsa take.